Ambaliyar Goronyo da lissafin kwamfuta

A watan Satumba na 2010 ambaliyar kogin Rima ta cinye gonaki da gidaje a yankunan Goronyo da Wurno da Rabah a jihar Sakkwato.

Kafin a gina madatsa irin ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, injiniyoyi kan ƙiyasta girman ambaliyar da ka iya zuwa sau ɗaya cikin shekara 100, wato mai yiwuwar kashi 1 cikin 100 a kowace shekara.

A yau manhajojin ƙididdiga ke wannan aiki, galibi da tsarin lissafin da ake kira GEV.

Sai dai manhajojin ba su rubuta shi iri ɗaya. Lambar da ke nuna yadda manyan ambaliya ke ƙaruwa, idan tana da alamar tarawa a kunshin evd na R, to a SciPy alamar debewa take ɗauka.

Wanda ya kwafe lambar bai karanta bayanin ba, zai iya samun sakamakon da ke cewa ruwa yana da iyakar da ba zai wuce ba, alhali ma'aunin kogin bai nuna haka ba.

Shi ya sa SciPy ta rubuta cikakken lissafin a shafin bayaninta, tare da gargaɗi kan alamar.