Injin Yankan Katako da na Ciyawa: Gaskiya da Ƙarya a Bencin Rumfar Gyara

Wata safiya ina zaune a rumfar wani bakanike mai gyaran ƙananan injuna, sai wani mai yankan katako ya sauke injinsa daga bayan babur. Ya ce, "Maigida, jiya lafiya lau na ajiye shi, yau na ja igiya har kafaɗata ta sage, ko tari bai yi ba." Kafin bakanike ya miƙa hannu, mutum uku da ke kan benci sun gama yanke hukunci. Ɗaya ya ce fetur ɗin yanzu ruwa ne. Ɗaya ya ce injin jabu ne. Na ukun ya ce ai ba a ƙara masa baƙin mai yadda ya kamata ba.

Kowannensu yana da ɗan abin da ya dogara da shi, shi ya sa irin waɗannan maganganu suke da wuyar mutuwa. Abin da na lura da shi shi ne, yawancinsu ilimin wani inji ne aka ɗauko aka ɗora wa wannan: na mota, na babur, ko na ƙaramin janareto. Alhali injin yankan katako ginin kansa daban ne. Babur irin Boxer yana da ma'ajin baƙin mai a ƙasan inji, man yana zagayawa yana komawa. Injin yankan katako ba shi da wannan ma'aji ko kaɗan. Ɗan man da aka gauraya cikin fetur shi kaɗai ke shafa fistan da zobensa da boris, a injin da ƙanana da matsakaitansa kan yi juyi dubu 12 zuwa 13 a minti ɗaya. Yawancin injunan yankan ciyawa ma haka suke, sai 'yan kaɗan irin masu injin Honda GX35, waɗanda ke da wurin baƙin mai daban kuma ba a gauraya musu komai.

Mu fara da maganar da ta fi yawo: wai mai mai ne, baƙin man mota ma ya wadatar. Wannan ɗabi'a daga ƙaramin janareton nan na Tiger ta zo, wanda aka saba tsiyaya masa kowane irin mai da ido, kuma ya ci gaba da aiki. To shi janareto juyinsa kusan dubu 3 ne a minti, bai wuce rubu'in na injin katako ba. Baƙin man mota ba a yi shi don ya ƙone ba. Idan ya ƙone sai ya bar toka da gawayi a kan fistan, ya liƙe zobe a cikin raminsa, ya toshe bakin salansa. Man da aka yi wa wannan aiki shi ne mai alamar 2T na injunan da iska ke sanyaya su, kuma mai kyau yakan ɗauki alamar JASO FD a jikin roba. Ko man injin kwalekwale, mai alamar TC-W3, bai dace ba duk da shi ma ana gaurayawa, domin wancan inji ruwa ke sanyaya shi, zafinsu ba ɗaya ba.

Sai batun yawa. Masu cewa "gwamma ya yi yawa da ya yi kaɗan" ba su yi ƙarya ba gaba ɗaya: ƙarancin mai kashe inji yake yi nan take, yawansa kuwa a hankali yake shaƙe shi, ya jiƙa fulogi, ya cika salansa da baƙin danƙo. Amma ban ga dalilin zaɓa tsakanin cuta biyu ba alhali awo yana nan. Stihl da Husqvarna, da mai kyau, 50:1 suke cewa, wato mililita 20 a kowace lita ɗaya, ko mililita 100 a lita 5. Da yawa daga injunan China ana rubuta musu 25:1, wato mililita 40 a lita. A bi abin da ke rubuce a takardar injin. Sirinjin kemis ya isa abin awo. Murfin kwalba kuwa ba ma'auni ba ne, tunda kowace kwalba da nata murfin. Kuma a jarka ake haɗawa a girgiza, ba a cikin tankin inji ba.

Shi kuwa mai zargin fetur, yana da tarihi a bayansa. A watan Fabrairun 2022 hukumomin mai na Najeriya sun tabbatar da cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, aka yi ta kokawar janye shi daga gidajen mai. Na 'yan bumburutu ma ba kullum ake sanin abin da aka sa a ciki ba. Sai dai fetur da ya fi lalata waɗannan injuna ba wanda aka sayo gurɓatacce ba ne, wanda aka bari ya kwana ne, ya yi wata da watanni a tanki. Sashensa mai saurin kamawa yana tsirarewa, musamman a zafin bazara, saura ya zama danƙo. A cikin kafireto akwai wata 'yar siririyar fatar roba mai bugawa tana jawo mai. Tsohon fetur yana busar da ita ta ƙandare, shi ke nan inji ya ƙi tashi. Kamfanonin injunan sun ce kada haɗin ya wuce kwana 30. Don haka mai injin ciyawa da zai rataye shi daga ƙarshen damina sai wata daminar, ya juye tankin, ya tada injin ya bar shi har ya mutu don kansa.

Yanzu ga wadda ta fi ba ni haushi, domin ta ci mana inji a gida. A jikin kafireto akwai ƙananan sukurori uku: L na ƙaramin gudu, H na babban gudu, da na silo, wanda Stihl ke rubuta wa LA, Husqvarna kuma T. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ƙanena, mai yi wa mutane yankan ciyawa da damina, ya kai injinsa wurin wani mai gyara ya ce a rage masa shan mai. Mutumin ya murɗa H ciki, ya danna totur, injin ya yi wata siririyar ƙara kamar zai tashi sama. Ya ce, "Ka ji ko? Yanzu ya buɗe." Ƙanena ya dawo gida yana murna. Bai cika mako ba, yana tsakar aiki injin ya tsaya cak, igiya ma ta ƙi jawuwa. Muka kwance kusoshi biyu na salansa muka haska fitilar waya ta ramin. Gefen fistan duk zane-zane ne daga sama zuwa ƙasa, kamar kyanwa ta yaƙushe shi, zobe ya narke ya manne.

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne. A wannan inji, rage fetur rage mai ne, tunda tare suke shiga, kuma shi fetur ɗin kansa yana taimakawa wajen sanyaya fistan. Ƙarar nan mai daɗin ji ƙarar yunwa ce. Injin da aka saita daidai, idan aka ba shi wuta ba ya yankan komai, muryarsa takan ɗan yi kauri da gurnani, sai ya shiga itace ta washe. Fulogi ma yana ba da shaida: launin ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi mai danshi mai ya yi yawa, fari fat kamar alli kuwa a kashe inji tukuna. Kuɗin fistan da silinda ya ninka abin da ƙanena ya so ya tsimi sau da yawa.

Kafin ma a taɓa waɗannan sukurori, akwai abubuwa uku masu arha da suke kwaikwayon ciwon kafireto: matatar iska da ƙurar hunturu da garin katako suka toshe, 'yar matatar da ke lilo a cikin tanki, da ragar bakin salansa a injunan da ke da ita. Cire matatar iska gaba ɗaya "don inji ya numfasa" kuwa ciyar da shi yashi ne.

A ɓangaren sarƙa, kusan kowa ƙonannen man mota yake zubawa a tankin man sarƙa, wanda aka juyo daga gareji, ana cewa ai shafawa ce kawai. Gaskiya yana shafawa, ya fi babu. Amma cike yake da garin ƙarfe da ke cin famfon mai da ramin da sarƙa ke bi, ba ya manne wa sarƙa kamar man da aka yi don haka, kuma duk yini yana fantsama a jikin mai aiki, alhali an san yawan taɓa ƙonannen mai yana da alaƙa da cutar dajin fata. Kamfanonin sun hana. Wanda ke son sanin ko mai yana isa, ya nuna kan injin ga wani farin kututture ba tare da ya taɓa ba, ya ba shi wuta. Idan siririn layin mai ya bayyana, famfo na aiki.

"Inji ya rasa ƙarfi" kuwa sau da yawa ba laifin inji ba ne. A duba abin da ke zubowa ƙasa. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa manya-manya, dakusasshiya kuwa gari take yi kamar na tuwo, har da hayaƙi, mai aiki yana dannawa da ƙirji. Haƙorin sarƙar zamani, wanda Joseph Cox ya fara ƙerawa a jihar Oregon ta Amurka a 1947 bayan ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin kututture, aikin fiƙa yake yi, kuma a gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu mai ƙayyade zurfin da zai ci. A yawancin sarƙoƙi tazarar ita ce milimita 0.65. Masu goge wannan tudu ƙasa sosai don sarƙa ta "ci da yawa" suna samun abin da suke so na ɗan lokaci, sai kuma fizga da girgiza, da haɗarin injin ya yi tsalle ya dawo fuskar mai shi idan saman kansa ya taɓa wani abu. Irin wannan tsalle ne aka yi birkin sarƙa dominsa, kuma shi ne wasu ke cirewa wai yana damun su. Maganar cewa sabuwar sarƙa tana saki, wannan gaskiya ce, a riƙa duba ta akai-akai. Idan an ɗaure ta da zafi, a sassauta bayan aiki, don tana tsukewa in ta huce.

Masu injin ciyawa suna da nasu biyu. Cire garkuwar da ke bayan kan injin don igiyar nailan mai yankan ta yi tsawo ta share fili da sauri kuskure ne: a jikin garkuwar akwai 'yar wuƙa mai datse igiya daidai tsawon da injin zai iya juyawa, in ta wuce haka kuloci ne ke ƙonewa, ga tsakuwa a ido. Sa wayar ƙarfe ko guntun sarƙa a madadin igiya ya fi muni. Tarayyar Turai ta haramta sayar da kawuna masu irin waɗannan ƙarafa masu lilo a 2012, bayan wani guntu ya ɓalle ya kashe mutum a Birtaniya. Ɗaya maganar kuwa, wadda na daɗe ina yi wa dariya, ashe gaskiya ce: jiƙa igiyar a ruwa. Nailan yana shan danshi, in ya bushe sai ya yi ta karyewa. Kwana ɗaya a bokiti yana dawo masa da laushi.

Jabu kuwa akwai shi. Samfurin 070 na Stihl, wanda masu tsaga katako ke ji da shi, yana cikin waɗanda ake yawan kwaikwayo, launi ɗaya, siffa ɗaya. Amma na mutumin nan na safiya ba wannan ce matsalarsa ba. Bakanike ya shinshina bakin salansa, ya ce, "Malam, sau nawa ka ja da cok a rufe?" Ya ce tun asuba. Ƙa'idar ita ce, a ja da cok har inji ya yi tari ɗaya, daga nan a buɗe. Wanda ya wuce wannan tarin yana ja, fetur yake ɗura wa silinda. Bakanike ya kwance fulogi, ga shi sharkaf. Ya kashe makunni, ya kifa injin, ya ja igiya kamar sau goma fetur yana feshi ta ramin, ya goge fulogi da tsumma, ya duba tazarar bakinsa, rabin milimita, ya mayar. Ya buɗe cok ya ja. A ja na huɗu injin ya tashi, farin hayaƙi ya turnuƙe rumfar, mutanen benci suka matsa baya suna kare hanci. Mai cewa jabu ne ya ɗaga murya cikin ƙarar ya ce, "Ai dama na faɗa, irin wannan ba ya mutuwa."