Koyon Kula da Saba da Domen a Ɗakin Gwaji na Kwaikwayo

Duk ma'aikatar da kwamfutocinta suka yi yawan da mutum ɗaya ba zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba, walau banki ne ko jami'a ko asibiti, tana dogara ne da wasu na'urori da galibin ma'aikatanta ba su taɓa sa su a ido ba, waɗanda ake kira sabobi. Saba, wadda wasu ke ce wa uwar garke, kwamfuta ce da aka keɓe domin ta riƙa yi wa sauran kwamfutoci hidima dare da rana, kamar adana fayilolin da ake tarayya a kansu, ko tantance masu shiga, ko raba adireshi. Mai son koyon kula da ita kuwa yakan samu kansa a tsaka mai wuya, domin aikin ba ya zama a hannu sai an taɓa an ɓata an gyara, alhali babu ma'aikatar da za ta miƙa wa ɗan koyo sabar da albashin jama'a yake kanta ya gwada hannunsa. Wannan ne ya sa masu koyarwa da masu koyo suka rungumi ɗakin gwaji na kwaikwayo, wato tarin kwamfutoci na manhaja zalla da ake ƙirƙira a cikin kwamfuta ɗaya ta zahiri, a haɗa su da juna kamar ofis guda.

Dabarar da ta ba da damar haka ta girmi yawancin masu amfani da ita, domin tun a shekarun 1960 kamfanin IBM yake raba manyan kwamfutocinsa gida-gida ta yadda kowane mai aiki zai ga kamar shi kaɗai ke da na'urar. Ta sauko kan ƙananan kwamfutoci ne bayan da kamfanin VMware ya fitar da manhajarsa ta Workstation a 1999, sannan VirtualBox, wadda yanzu take hannun Oracle kuma ake samunta kyauta, da KVM ta cikin Linux suka bazu daga 2007, Microsoft kuma ya biyo baya da Hyper-V a 2008. Aikin kowace daga cikinsu shi ne ta gutsuro wani kaso na ƙarfin firosesa da na RAM da na faifan ajiya daga kwamfutar zahiri, wadda ake kira mai masauki, ta ba wa kwamfutar kwaikwayo, wadda ake kira baƙuwa. Ita baƙuwar ba ta san faifanta fayil ɗaya ne kawai a cikin faifan mai masauki ba, tana ɗaukar babbar manhajarta, ta kunnu ta mutu kamar kowace kwamfuta.

Ƙaramin ɗakin gwaji ba ya bukatar fiye da baƙi uku, wato sabobi biyu da kwamfutar ma'aikaci ɗaya, kuma laftof mai RAM gigabait 16 takan ɗauke su ba tare da numfarfashi ba, mai gigabait 8 ma takan lallaɓa idan ba a kunna su duka a lokaci ɗaya ba. Microsoft yana ba da Windows Server na gwaji da ke aiki kwana 180, amma kwamfutar ma'aikacin dole ta kasance mai Windows samfurin Pro ko sama da shi, saboda samfurin Home ba ya shiga domen ko kaɗan. Abin da ya fi zaɓen manhaja muhimmanci shi ne yadda za a haɗa baƙin. Ana iya jona su kai tsaye da netwok ɗin gida ko na ofis, ana iya sa su leƙa intanet ta bayan mai masauki, ana kuma iya killace su a netwok na cikin gida wanda ba ya fita ko'ina. Na ƙarshen nan shi ya dace da mai koyo, domin sabar gwajin da ke raba adireshi, idan aka jona ta da netwok na gaske bisa kuskure, za ta fara amsa wa kwamfutocin mutane tana ba su adireshin bogi, su wayi gari ba intanet ba firinta, kuma ba wanda zai yi saurin zargin laftof ɗin da ke ajiye a lungu.

Domen, a wannan fanni, rukunin kwamfutoci da masu amfani da su ne da ke ƙarƙashin hukuma ɗaya, inda ake ajiye sunayen mutane da kalmomin sirrinsu da iyakar ikon kowa a kundi guda, maimakon kowace kwamfuta ta riƙe nata. Ya bambanta da sunan shafin intanet da ake yi wa rajista, irin masu ƙarewa da .ng da hukumar NiRA ke kula da su a Nijeriya ko .ne na Nijar, ko da yake tsarin sunansu iri ɗaya ne. Kundin da ya fi yaɗuwa shi ne Active Directory, wanda ya fito tare da Windows 2000, kuma sabar da ke riƙe da shi ita ce jagorar domen. Manhajar Samba ma, tun daga sigarta ta 4 da ta fito a ƙarshen 2012, tana iya mayar da sabar Linux jagora, abin da ke amfanar wanda ba shi da halin lasisi. Wajen raɗa wa domen ɗin gwaji suna, tsofaffin littattafai sun saba da .local, amma tun 2013 aka keɓe wannan ƙarshen ga wani tsari dabam na neman na'urori, don haka .test, wanda aka ware domin gwaji tun 1999, ya fi zama lafiya.

Darasi na farko da ɗakin gwaji ke koyarwa, kuma wanda ya fi kowane maimaituwa a bakin aiki, shi ne cewa domen a kan suna yake tsaye. Tsarin DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983, shi ke juya sunan na'ura zuwa adireshinta na lambobi, amma a cikin domen aikinsa ya wuce nan, domin jagora takan rubuta wasu bayanai na musamman da ake kira SRV a cikinsa, waɗanda ke sanar da kwamfutoci inda za su same ta. Ɗan koyo da ya saba sa 8.8.8.8, wato DNS na Google, a kowace kwamfuta, zai sa shi a kwamfutar ma'aikacinsa, ya ga intanet tana buɗewa sarai, ya aika wa jagora ping ta adireshinta ta amsa, amma da ya nemi shiga domen sai saƙo ya fito cewa ba a samu jagora ba. Dalilin kuwa shi ne Google bai san da zaman domen ɗin da aka ƙirƙira jiya a cikin laftof ba. Gyaran bai wuce a sa adireshin jagora a gurbin DNS na kwamfutar ba, sannan a umurci jagorar ta riƙa miƙa tambayoyin waje ga DNS na intanet, kuma umurnin nslookup zai nuna nan take wace saba ake tambaya da abin da take amsawa. Wanda ya yi awa biyu yana lalube kafin ya gano wannan da kansa ya fi wanda aka karanta masa shi a aji riƙe shi, shi ya sa malami mai hikima ba ya gaggawar nuna wa ɗalibi inda matsalar take.

Abu na biyu shi ne lokaci. Active Directory yana tantance mutane ne da tsarin Kerberos, wanda aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980, kuma hikimarsa ita ce kalmar sirri ba ta yawo a kan waya. Jagora takan ba mai shiga wani tikiti da ke aiki awa 10 a bisa tsarin asali, da shi kuma yake karɓar ƙananan tikitoci na shiga kowace saba. Saboda kada ɓarawo ya kwafi saƙon neman shiga ya sake aika shi daga baya, ana ɗaura wa saƙon lokaci, kuma tazarar da tsarin ya amince da ita tsakanin agogon kwamfuta da na jagora minti 5 ce kacal. Kwamfutocin kwaikwayo sun yi ƙaurin suna wajen zamewar agogo, musamman idan an dakatar da su kwanaki sannan aka tashe su, ko kuma suna karɓar lokaci daga wurare biyu, mai masauki da jagora, don haka ɗakin gwaji yakan haifar da wannan matsala ko ba a neme ta ba. Rabon adireshi, wato DHCP, ya fi waɗannan sauƙin fahimta: kwamfuta ta yi shela, saba ta yi tayi, kwamfuta ta karɓa, saba ta tabbatar, kuma Windows Server yakan ba da aron adireshin na kwana 8. Duk kwamfutar da aka gani da adireshi mai farawa da 169.254 ta yi shelar ne ba wanda ya amsa mata.

Bayan an kafa waɗannan ginshiƙai sai a shiga ainihin aikin yau da kullum, wanda mafi yawansa tsara mutane ne. Ana kasa ma'aikatan ƙarya zuwa sassa, misali sashen kuɗi da na ɗaukar ma'aikata, a zuba su a ƙungiyoyi, sannan a ba ƙungiyar izinin buɗe babban fayil maimakon a ba mutum da sunansa, domin idan aka canza wa ma'aikaci wurin aiki a cire shi daga ƙungiya ɗaya kawai, ba sai an bi fayiloli ɗari ana goge sunansa ba. Da Group Policy kuma ake shimfiɗa dokoki daga wuri ɗaya, kamar tsawon kalmar sirri, ko hana amfani da filashi, ko kulle allo idan an bar kwamfuta ba kowa. Kwamfutoci sukan nemi sababbin dokoki kusan duk minti 90, abin da ke sa ɗan koyo ya zaci dokarsa ba ta kama ba, har sai ya san umurnin gpupdate da ke tilasta karɓa nan take da gpresult da ke nuna wace doka ta rinjayi wace. Kyakkyawar ɗabi'ar da ya kamata a saba da ita tun a nan ita ce mai kula da saba ya riƙe asusu biyu, ɗaya na karanta wasiƙu da shiga intanet, ɗaya mai cikakken iko wanda ba ya buɗe shi sai da dalili.

Abin da ya fi jan hankali a ɗakin gwaji shi ne damar ɗaukar hoton halin da baƙuwa take ciki, ta yadda duk ɓarnar da aka yi bayan nan za a iya shafe ta cikin daƙiƙoƙi a koma inda aka ɗauki hoton. Amfaninsa shi ne ya cire tsoro, a goge bayanan DNS da gangan, a karkatar da agogo, a kashe jagora ana tsakiyar aiki, a ga abin da zai faru a kuma karanta yadda kundin abubuwan da suka auku ya rubuta shi. Sai dai yana da illa da ba a cika faɗa ba, domin wanda ya saba komawa baya duk lokacin da abu ya cije ba zai taɓa koyon gyara ba, kamar mai koyon tuƙi a filin idi ne da bai taɓa haɗuwa da cunkoson bakin kasuwa ba. Shi kansa domen ɗin ba ya son a mayar da shi baya. Kowace kwamfuta tana da kalmar sirrinta da take canzawa da jagora duk kwana 30, kuma idan aka dawo da ita kan tsohon hoto sai ta zo da tsohuwar kalma, jagora ta ƙi ta, saƙo ya fito cewa amincin da ke tsakaninsu ya warware. Jagorori ma sukan ruɗe wajen musayar bayanai idan aka mayar da ɗaya baya, matsalar da sai a Windows Server 2012 aka samar mata da kariya. Hoton kuma yana zaune ne a faifai ɗaya da baƙuwar, don haka faifan na mutuwa su tafi tare, ba ya maye gurbin kwafin ajiya da aka kai wani wuri dabam.

Jagora ta biyu ma ba ta maye gurbin kwafin ajiya, ko da yake ita ke riƙe ma'aikata idan ta farko ta faɗi, saboda duk abin da aka goge a ɗaya nan da nan ake goge shi a ɗayar. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk na ƙasar Denmak ya ga haka a watan Yunin 2017, lokacin da muguwar manhajar NotPetya ta lalata jagororin domen ɗinsa kusan gaba ɗaya a lokaci guda, duk da yawansu da warwatsuwarsu a ƙasashe. Abin da ya cece shi, kamar yadda aka ruwaito, shi ne wata jagora a wani ofishinsa na Afirka ta Yamma da ɗaukewar wuta ta raba da netwok a daidai lokacin harin. Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin ya bayyana daga baya cewa sai da suka sake ɗora manhaja a sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 cikin kwana 10, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Akwai abubuwan da ɗakin gwaji ba zai nuna ba, irin su zafin ɗakin saba idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, da batirin UPS da ya gaji, da wayar da ɓera ya ci, da manajan da ke neman a ba shi ikon buɗe komai don kawai shi ne babba. Amma atisayen farfaɗo da domen daga kwafin ajiya yana cikin abin da ake iya yi a cikinsa daga farko har ƙarshe: a ɗauki kwafin jagora, a goge sashe guda na ma'aikata, a bari gogewar ta isa jagora ta biyu, sannan a tayar da ta farko a yanayin gyara na musamman da ake kira DSRM, a dawo da kwafin, a yi wa sashen alamar cewa shi ne sahihi domin ya rinjayi gogewar. Shiga wannan yanayi yana bukatar wata kalmar sirri ta daban, wadda ake zaɓa sau ɗaya a ranar da aka naɗa sabar jagora, kuma ana iya sake ta da umurnin ntdsutil muddin jagorar tana aiki lafiya, amma idan ta riga ta faɗi wannan hanya ta toshe.