Takardar gwajin aure da yaƙin da ake yi a cikin hanta

Tun da Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a watan Mayun 2024, wadda ta haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B da C, wata sabuwar fargaba ta shiga gidaje daga Gwarzo zuwa Getso, daga Kabo zuwa Garo. Saurayi ne garau, yana nomansa, sai takarda ta ce yana ɗauke da ƙwayar B. Kafin ya iso gida labari ya riga shi: wai ƙwayar tana cin hantarsa, wai gumi ma yana yaɗa ta, a ware masa kwano. Wani a fasa aurensa, wani a kai shi wajen mai lasifika a kasuwa ya sayo jarkar wankin hanta.

Irin wannan saurayi yana da yawa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Gumi da cin abinci a kwano ɗaya ba sa yaɗa ta. Jini ne, da saduwar aure, da haihuwa, da askar wanzamin da aka yi wa yara da yawa aiki da ita. Amma maganar da ta fi damuna ita ce waccan ta cin hanta, domin a kanta ake gina tsoro da cinikin ƙarya.

Ƙwayar B ba ta kashe naman hanta da kanta. Shiga take yi ta zauna tana hayayyafa. Ɓarnar daga garkuwar jiki take fitowa, wajen ƙoƙarin korar ta.

Jinin da ya taso daga hanji, ɗauke da abinci da ɓurɓushin ƙwayoyin cuta, sai ya bi ta hanta kafin ya zagaya jiki. A cikin ƙananan hanyoyin jinin hanta akwai masu gadi da ake kira ƙwayoyin Kupffer, sunan Bajamushen da ya bayyana su a 1876. Aikinsu haɗiye datti cikin natsuwa, suna kuma fitar da sinadarin da ke kwantar da hankalin sauran dakarun jiki. Da za su tayar da ƙura a kan kowace lomar tuwo, da hanta ta daɗe da lalacewa. Wannan haƙuri nasu shi ƙwayar B take fakewa da shi.

A ɗauki hanta a matsayin rumbu, ƙwayar kuma ɓera. Idan babban mutum ne ya kamu, dakarun da ake kira ƙwayoyin T sukan taso da ƙarfi, su fasa wurin da ɓeran yake, su gama da shi cikin watanni. Fiye da 90 cikin 100 na manya haka suke warkewa, wasu bayan shawara ta bayyana a idonsu. Jariri kuwa, garkuwarsa ta buɗe ido ta tarar da ɓera a rumbu, sai ta ɗauke shi ɗan gida. Shi ya sa kusan 9 cikin 10 na jariran da suka kamu suke zama da ita. Bayan shekaru dakarun sukan farga, amma a gajiye: su doki bango, ɓera ya tsira, su sake duka. Duk inda ya tsage, ƙwayoyin Kupffer sukan aika saƙo ga wasu ƙwayoyi da ke ajiye sinadarin bitamin A, su bar ajiya su koma yaɓe. Yau yaɓe, gobe yaɓe, har wurin zuba hatsi ya ƙare. Wannan tabo shi ne ƙanƙancewar hanta da ke kawo kumburin ciki da aman jini, a kansa kuma sankara ta fi tsirowa.

To, a gaya mini, wace jarka ce za ta wanke wannan? Ƙwayar tana ɓoye kwafin kanta a can tsakiyar ƙwayoyin hanta, inda gudawa da fitsari ba sa kaiwa. Wasu haɗe-haɗen ma ƙara wa hanta nauyi suke yi. Haka magungunan ƙiba masu ɗauke da dexamethasone: suna danne garkuwa, ƙwayar ta yawaita, ranar da aka daina sha dakarun su dawo da fushi. Gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna kuma suna da gubar da, idan ta haɗu da ƙwayar B, haɗarin sankara yake ninkuwa, abin da ya kamata manoman yankinmu su kiyaye wajen shanya da ajiya.

Takardar da ta ce akwai ƙwayar farkon bayani ce kawai. Sai an auna yawanta a jini, an auna sinadarin ALT da ke zubowa idan ana fasa naman hanta, an duba ko tabo ya fara, sannan likita ya san ko magani za a fara ko sa ido za a yi. Ga wanda yake buƙata akwai tenofovir, ƙwaya ɗaya a rana, mai danne ƙwayar cutar har faɗan ya lafa, ko da yake yawanci shan na dogon lokaci ne. Nau'in C kuwa ana warkar da shi cikin kimanin mako 12. Amaryar da ba ta da B, allurar rigakafi sau uku tana kare ta, aure ya yiwu.

Doka ta yi daidai, amma miƙa wa matashi takarda ba tare da mai zaunar da shi ya yi masa wannan bayani ba rabin aiki ne, kuma ba kowane ɗan Kabo ne yake da kuɗin zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ba. Ya kamata gwaji na biyu da rigakafin ma'aurata su samu a asibitocin Gwarzo da Kabo cikin farashin da talaka zai iya.

Mu ma da namu laifin. Tun 2004 Nijeriya ta sa rigakafin B cikin alluran yara, kuma ta farko ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Duk wanda ya ce sai bayan suna za a fita da jariri, ya ba ƙwayar kwana bakwai ta zauna. Ko a gida aka haihu, ungozoma da maigida su tabbata an kai jaririn an yi masa allurar a ranar.