Hannun Gem Ya Daina Riƙe Caji: Yadda Ni da Autana Muka Canza Masa Batir

Na dawo daga Lome wata ranar Alhamis da daddare, jikina duk ƙurar hanya, na tarar da gida tsit. Duk mai 'ya'ya maza a Aboabo, nan cikin Kumasi, ya san irin wannan shirun ba na alheri ba ne. Na tambayi uwargida ina Auta. Ta ce, "Alhaji, yau kwana tara ke nan sai goma ta wuce yake shigowa. Yana can gidan gem na bakin titi." Na ce to na gidan fa, me ya same shi? Ta ce ai hannun ne ya mutu.

Na'urar da muke da ita PlayStation 4 ce, 'yar gwanjo, wadda babban ɗana ya tara kuɗi ya saya kafin ya tafi karatu, ya bar wa ƙanensa. Ba zan ɓoye ba, da farko ban so ta ba, shirme na ɗauke ta. Amma ni mutum ne mai yin sati biyu a hanya, kuma a hankali na lura cewa tun da ta shigo, yaran layinmu a falona suke taruwa. Uwarsu tana jin abin da suke faɗa, ta san wanda ya shigo da wanda ya fita. A gidan gem kuwa kowane wasa da kuɗinsa, manyan samari suna sa caca a kan wasan ƙwallo, ga hayaƙin taba. Yaro ɗan shekara goma sha uku ba shi da abin yi a wurin da dare.

Washegari na sa Auta ya kawo mini hannun. Ya ce tun watanni baya ya fara rage ƙarfi. Da yana kai awa shida, ya koma awa ɗaya, ya koma minti goma, har ya zama in aka zare kebul nan take fitilarsa ke mutuwa. Na je Adum na tambayi kuɗin sabo, aka faɗa mini abin da ya kai ribar dozin biyu na takalman da nake sayarwa, kuma mai shagon da bakinsa ya ce jabu sun fi na gaske yawa a kasuwa. Wani maƙwabcina mai gyaran wayoyi shi ya cece ni. Ya jujjuya hannun, ya danna maɓallan, ya ce, "Baba, wannan lafiyarsa lau. Batir ne ya tsufa."

Abin da ke kashe batir

Kamfanin Sony ya fito da PlayStation 4 a watan Nuwamba na 2013, kuma ya sayar da sama da miliyan 100 a duniya, shi ya sa gwanjonta ya cika kasuwanninmu daga Akara har Njamena. Hannunta ana kiransa DualShock 4, kuma a cikinsa akwai batir irin na wayar salula, wato na sinadarin litiyam, mai ƙarfin 1000mAh. Shi dai wannan kamfani shi ya fara sayar da irin wannan batir a duniya a 1991. Hannun Xbox batir ɗin rediyo guda biyu ake sa masa, in sun ƙare ka buɗe murfi ka canza. Na PlayStation a rufe yake a ciki, shi ya sa mutane da yawa suke zaton ba ya canzuwa, su jefar da hannu mai rai.

Batirin litiyam yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi. Kowane caji da sauka yana ɗan cinye shi, kuma bayan an yi haka sau ɗari uku zuwa ɗari biyar za ka fara ganin bambanci. Zafi yana ƙara masa saurin lalacewa. Mu a Kumasi da sauƙi, amma 'yan'uwanmu na Yamai da Marwa da Njamena, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, su suka fi kowa shan wannan matsala. Wani abin kuma shi ne barin batir ya sauka ƙasa ƙwaf a ajiye shi watanni, kamar yadda yakan faru in yara suka tafi hutu gida. Ka tuna kuma ɗan gwanjo ya riga ya yi shekaru a hannun wani kafin ya zo naka.

Kafin ka ɗora wa batir laifi

Maƙwabcin nan nawa ya ce kada a fara da kwance noti, a fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ka canza kebul, domin irin wannan kebul na tsofaffin wayoyin Android ne, kuma yana saurin karyewa ta ciki. Ka leƙa ramin caji, in ƙura ta toshe shi ka share a hankali da tsinken sakace. A bayan hannun, kusa da maɓallin L2, akwai wani ɗan rami ƙarami. Ka zura bakin allura ka danna na 'yan daƙiƙu, yana sa hannun ya farfaɗo in rikicewa ya yi. Sannan ka jona shi kamar awa biyu. In na'urar tana hutawa, fitilar hannun za ta riƙa kawo ruwan lemo a hankali, alamar caji na shiga. To, in ya cika sannan ya mutu cikin 'yan mintuna, batir ne. In kuwa fitilar ba ta kawowa sam da kowane kebul, mai yiwuwa ramin cajin ne ya lalace, shi ma ɗan allo ne daban da ake canzawa. In 'yan wasa suna tafiya da kansu a talabijin ba tare da an taɓa sanda ba, wannan wata cuta ce dabam, sabon batir ba zai warkar da ita ba.

Kuskuren da na yi a kasuwa

Sauri ya haifi nawa. Na tafi kasuwa hannu rabbana, na ce a ba ni batirin hannun PS4. Wani yaro ya miƙo mini ɗaya da aka rubuta 2500mAh a jikinsa, ya ce zai yi kwana biyu bai sauka ba. Na biya ban ko yi ciniki sosai ba, ni da na yi shekara talatin ina koya wa yaran shago kada su sayi kaya a cikin buhu. Da muka buɗe hannun a gida, sai ga kan batirin ya ƙi shiga soket. Ya yi girma.

Ashe hannun iri biyu ne. In ka juya bayansa za ka ga takarda mai lamba. Na farko CUH-ZCT1 ne, na biyu kuma CUH-ZCT2, wanda ya fito a 2016, kuma za ka gane shi da wani siririn layin haske a saman faifan taɓawa na gaba. Galibi na farkon kan batirinsa babba ne, na biyun ƙarami. Namu na biyun ne. Na koma da batirin, yaron ya ce kayan wuta ba a mayarwa. Na haƙura, amma kafin na tafi na ɗora nasa a tafin hannu ɗaya, tsohon namu a ɗayan. Nasa da ya ce ya ninka ƙarfi, ya fi tsohon rashin nauyi. Duk ɗan kasuwa ya san abin da wannan ke nufi.

Shawarata, ɗan'uwa, ka fara buɗe hannun, ka cire tsohon batir, ka tafi da shi kasuwa a aljihu. Ka gwada kai da kai, girma da girma. A jikin na asali za ka ga 3.65V, kuma wanda aka rubuta 3.7V yana yi. Kada babbar lamba ta ruɗe ka, wurin da batirin ke zama ɗan ƙarami ne, akwai iyakar abin da zai ɗauka. Na biyun da na saya 1000mAh ne kawai, daga hannun wanda ya yarda in dawo da shi in bai yi ba, kuma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na sabon hannu ba.

Yadda muka yi aikin

Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramin sukudireba mai bakin kuros irin na masu gyaran waya, tsohon katin banki, hantsaki, da faranti na zuba noti. Muka shimfiɗa farin zane a kan tabarma. Idona ya fara rauni, yatsuna kuma sun yi kauri, don haka na ce Auta shi zai yi, ni in riƙe tocila.

Noti huɗu ne a baya. In sun fita, murfin ba ya ɗagowa da kansa, akwai 'yan haƙoran roba da suka kama shi ta ciki. Ka zura katin a tsagin da ke tsakanin gaba da baya, ka fara daga wajen mariƙai biyu, ka bi a hankali. Kada ka sa wuƙa ko bakin sukudireba, ƙarfe yana fasa roba, in kuma ya huda batir zai iya kama wuta. Za ka ji ƙas-ƙas, kada ka tsorata. Wurin da ya fi gardama shi ne sama, kusa da L1 da R1.

Nan ne wurin haƙuri. In murfin ya saki kada ka fizge shi, domin akwai wata siririyar waya mai faɗi, masu gyara suna ce mata fileks, da ta haɗa ramin caji da fitila zuwa babban allo. In ta yage, ka sayi sabon aiki. Ka buɗe murfin kamar littafi ka kwantar da shi a gefe, ko ka zare ta a hankali ta wurin kanta. Za ka ga batirin a zaune cikin wani ɗan akwatin roba, da wayoyi biyu, ja da baƙa, sun tafi zuwa farin soket. Na ce wa Auta ya ɗauki hoto da wayata tukuna, don mu san yadda komai yake. Sannan ya kama kan soket ɗin da hantsaki, ba wayoyin ba, ya ɗan girgiza ya zare. Sabon ta fuska ɗaya kawai yake shiga. In ya ƙi, juya shi za ka yi, kada ka tura da ƙarfi. Ka duba jar waya ta zauna inda tsohuwar ja take a hoto.

Wajen rufewa ne muka sha wuya. Maɓallin R2 ya fita daga mazauninsa, wani ɗan sifirin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba ya yi tsalle ya ɓace. Muka yi rabin awa muna rarrafe. Ina faɗa, Auta yana cewa, "Baba, ai kai ka motsa tocilar." Uwargida ce ta zo da maganaɗisun tsohuwar sifika ta bi tabarma da shi, sai ga shi ya manne. Don haka ka sa ido a kan L2 da R2, da wata 'yar roba da ke kan maɓallin ramin nan na baya, ita ma takan faɗo. Kafin ka ɗaura noti, ka jona kebul da na'ura, ka danna maɓallin PS na tsakiya. Da fitilar ta kawo shuɗi, ihun da yaron nan ya yi sai da maƙwabta suka leƙo.

Tsohon batir da kula da sabo

Tsohon namu ya ɗan kumbura kamar burodi. Irin wannan haɗari ne. Kada a matsa shi, kada a huda, kada a ba ƙananan yara su yi wasa da shi, kada kuma a jefa a bolar da ake cinna wa wuta, domin yana fashewa. Mu mun naɗe kansa da salatif muka kai wa mai gyaran waya, yana tara irinsu. Ku kuma masu ɗauko kaya a manyan motoci, in za ku sayo batura kada ku cusa su ƙarƙashin kaya masu nauyi ko inda rana ke dukan su yini guda.

Don sabon ya daɗe, mun shiga saitin na'urar mun rage hasken fitilar hannun, mun sa ya riƙa kashe kansa in an bar shi minti 10 ba a taɓa ba, mun rage ƙarar 'yar sifikarsa. Kashe jijjiga ma yana taimakawa, amma Auta ya ƙi. Caji a jikin na'urar muke yi, ko da caja mai 5V da muka yarda da ita, ba kowace ta bakin titi ba, kuma ba ma barin sa a jone in an ɗauke wuta ana jiran a dawo da ita. Ba a ajiye shi a taga ko a kan na'urar in ta yi zafi. In za a yi doguwar tafiya, a bar shi da rabin caji.

Yanzu wata huɗu ke nan, hannun yana kai awa shida kamar da. Falo ya sake cika da hayaniya, da sharaɗin sai an gama aikin makaranta, kuma ƙarfe tara kowa ya kama gidansu. Ran nan Auta ya matsa sai na buga da shi, ya zura mini biyar ban ko gano wanne ne ɗan wasana ba. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, da na dawo daga tafiyar makon jiya na tarar da hannaye uku na yaran unguwa a kan farin zanen nan, kowanne da notinsa a faranti daban. Ya ce ya faɗa musu kowa ya sayo batirinsa, shi kuɗin aiki kawai zai karɓa. Na tambaye shi nawa yake cewa, ya faɗa mini. Na ce ya yi araha, amma tun da farkon kasuwa ne, a bar shi haka.