Idan Famfon Jikin Firiji Ya Ƙi Ba da Ruwa da Ƙanƙara

Daga cikin kayan zamanin da suka shigo gidajenmu a 'yan shekarun nan akwai wani babban firiji mai ƙofa biyu, wanda aka yi wa 'yar taga a jikin ƙofarsa, inda mutum zai kanga kofi ya danna, ruwan sanyi ya zubo ko ƙanƙara ta faɗo, ba tare da an buɗe ƙofar ba. Kuma duk wanda ya taɓa kai azumi a tsakiyar bazarar Sakkwato ko Maraɗi ya san wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce a lokacin buɗa baki. Sai dai asalin wannan na'ura daga Amurka ne, kuma waɗanda suka ƙirƙiro ta sun gina ta a kan sharuɗɗa biyu da suka ɗauka tabbatattu ne a kowane gida, wato ruwan famfo mai ƙarfi dare da rana, da wutar lantarki wadda ba a ɗaukewa. Saboda haka galibin abin da muke kira lalacewar famfon firiji, idan aka bi diddiginsa, za a tarar illar daga gidan take, ita kuwa na'urar lafiyarta lau.

Wajibi ne mai firiji ya fara sanin hanyar da ruwan yake bi, domin wanda bai san hanya ba ba zai gane inda aka tare ta ba. Ruwa yana fitowa daga bututun gida ta wani siririn tiyo da kaurinsa bai wuce rubu'in inci ba, ya iso bayan firiji inda wani bawul mai aiki da lantarki yake tsare da shi, ba ya buɗewa sai an danna. Ruwan yana kuma ratsa filta, wadda cikinta gawayi ne da aka sarrafa don ya kama dauɗa da wari, sa'an nan ya rabu gida biyu: kashi ɗaya ya kwanta a wani ɗan tanki ko naɗaɗɗen tiyo a ɓangaren sanyaya abinci har ya yi sanyi, ɗayan ya hau zuwa injin ƙanƙara da ke ɓangaren daskarewa.

Kafin a zargi ko ɗaya daga cikin waɗannan, akwai ƙananan sabubba da ya kamata a kawar. Yawancin irin wannan firiji yana da maɓallin kulle saboda yara, wanda idan ya kunnu ba abin da zai fito, kuma ana warware shi ne da danna shi na kimanin daƙiƙa 3. Haka nan idan ƙofa ba ta rufu sosai ba, na'urar takan ƙi aiki da gangan. Injin ƙanƙara kuwa yana da nasa makunni, a wasu kuma wani ɗan hannun ƙarfe ne wanda idan aka ɗaga shi sama sai injin ya tsaya cak. A kuma leƙa baya a ga ko an rufe kan famfon da ke ba firijin ruwa, ko tiyon ya lanƙwashe sa'ad da aka tura firijin jikin bango.

Idan duk wannan daidai yake, to sai a kasa kunne. A danna wurin ruwan a cikin shiru: in an ji wata 'yar ƙara kamar gunji daga bayan firiji alhali ruwa bai zo ba, wannan hujja ce cewa wuta ta isa bawul, ruwan ne bai iso ba ko an tare shi a gaba, in kuwa ba a ji komai ba, to mas'alar ta lantarki ce, ko makunnin da ke bayan abin dannawa ko bawul ɗin kansa, kuma wannan aikin mai gyara ne.

A nan ne muka iso ga babban sababi a ƙasarmu, wanda ni a ganina ya kamata masu sayar da firiji su riƙa bayyana shi ga mai saye tun kafin ya biya, domin ɓoye shi ba adalci ba ne. Bawul ɗin ba ya aiki yadda ya kamata sai ruwa ya zo masa da ƙarfin da bai gaza psi 20 ba a ma'aunin ƙarfin ruwa, wasu kamfanonin ma 30 suke shar'antawa. Kuma bisa ga ƙa'idar lissafi, kafin ruwan da ke gangarowa da kansa daga tanki ya kai ƙarfin psi 20, sai tankin ya kasance sama da firijin da kimanin mita 14, alhali tankunan da muke ɗorawa a kan ƙarfe a tsakar gida da wuya su kai rabin haka. Alamar wannan illa ba ta ɓuya: ruwa yana zuba siriri har mutum ya gaji da riƙon kofi, ƙanƙara kuma ta fito ƙanana, in ka fasa ɗaya ka tarar cikinta rami ne. Maganinsa shi ne a sa ɗan injin ƙara ƙarfin ruwa a kan layin. Wanda kuwa bai riga ya saya ba, ya fi masa alheri ya nemi irin firijin da ke da tankinsa a ciki, wanda ake cika shi da hannu.

Filta ita ce ta biyu wajen yawan laifi. Kamfanoni sun ce a sauya ta duk bayan wata 6, amma ruwan rijiyar burtsatse mai yashi ko laka yakan toshe ta kafin wannan wa'adi, kuma tace ruwan tun daga bakin tanki yana tsawaita kwananta. Wanda ya sa sabuwa ya tabbata ta zauna daram, sa'an nan ya zubar da lita da dama na ruwan farko, saboda ƙurar gawayi da iskar da ta shiga bututu, wadda ita ce ke sa famfon ya riƙa tofi yana ɗiga. A kuma sani filta ba ta mai da gurɓataccen ruwa ya zama tsarkakakke daga ƙwayoyin cuta. Ba a yi ta domin wannan ba.

Wani lokaci kuma sanyin ne ya yi yawa. Ɓangaren abinci kamata ya yi ya tsaya a wajen digiri 3 zuwa 4, amma saboda tsoron ɗauke wuta mutane sukan murɗa shi har ƙarshe, sai ruwan ya daskare a cikin ɗan tankin ko a tiyon da ke cikin ƙofa. Idan ƙanƙara tana samuwa amma ruwa ba ya fita, galibi wannan ne; a rage sanyin, ko a cire firijin daga wuta na 'yan sa'o'i, hanya za ta buɗe da kanta.

Ita ƙanƙara hukuncinta daban ne, domin injinta ba ya juye abin da ya daskarar sai ya ji sanyi ya kai haddi, shi ya sa ake so ɓangaren daskarewa ya zauna a digiri 18 ƙasa da sifiri. Gidan da wuta ke zuwa sa'a uku ta tafi, ko take zuwa ba ƙarfi, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe bututun da ke fitar da zafi a bayan firiji ko ƙarƙashinsa, da wuya firijinsa ya kai wannan matsayi, kuma ko sabon firiji sai ya yi kamar kwana guda kafin ya ba da ƙanƙarar farko. Akwai kuma abin da ɗauke wuta ke haifarwa wanda kowa zai iya gani da idonsa: a zaro akwatin ƙanƙarar, za a tarar ƙwayoyin sun narke sama-sama sun sake daskarewa sun zama dunƙule guda, sun riƙe murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura su waje, har in an danna sai a ji injin yana nishi bai juya ba. Kada a ci gaba da dannawa, domin haka ke ƙona shi. A juye dunƙulen, a wanke akwatin da ruwan ɗumi, a shanya shi ya bushe ƙarau kafin a mayar, a kuma share maƙogwaron da ƙanƙarar ke bi ta cikin ƙofa.

Abin da nake gargaɗi a kansa da babbar murya shi ne sa wuƙa ko sukundireba don sassaƙe ƙanƙara a cikin firiji, domin bututun iskar gas yana nan kusa da bango, kuma gas ɗin da ake sa wa firiji da yawa a yau, mai suna R600a, yana kama wuta. Duk wanda zai taɓa bayan firiji ya fara zare shi daga soket ya rufe ruwa. Idan kuwa an tabbatar da ƙarfin ruwa, an sauya filta, sanyi ya kai, amma har yanzu shiru, to lokacin kiran mai gyara ya yi. A gaya masa dalla-dalla abin da aka gwada da ƙarar da aka ji ko ba a ji ba, a kuma nemi ya auna bawul ɗin da mita a gaban mai gida kafin a yarda a sayi sabo.