Irin guro na aure: albarkarsa da sharaɗinsa

A ƙasar Madarunfa, daga bakin tabki har fadamun Gulbin Maraɗi da gonakin ban-ruwa na Jiratawa, da wuya a ga garka babu kuɓewa, wadda mutanen wurin ke kira guro. Tun bayan farin shekarar 1984, sa'ad da hukuma ta yi kira ga noman rani, ta ƙara zama hanyar samun kuɗi. Ana tsinkarta kowane kwana biyu ko uku, a sayar ɗanya, ko a yanka a shanya don miya.

Yanzu ƴan kasuwa na kawo iri cikin takarda mai alamar F1. Wannan shi ne irin aure. Ga yadda ake yin sa. Furen guro da safe yake buɗewa, yini guda ne ransa, kuma namiji da mace duk suna cikinsa. Da marece ma'aikaci zai buɗe furen da zai fashe gobe, ya cire sashen namiji, ya rufe shi. Da sassafe sai ya ɗebo garin furen wani iri ya shafa masa. Fure ɗaya-ɗaya ake bi da hannu, dalilin tsadarsa ke nan. In an dace da iyaye, ƴaƴan kan fito bai ɗaya, su yi saurin haihuwa, su yi yawa.

Amma akwai sharaɗi, kuma ba kowane mai sayarwa ke faɗinsa ba: albarkar ta shukar farko ce. Manomin da ya ajiye iri daga wannan gona zai tarar baɗi ta rarrabu, wani dogo, wani gajere, wani ba ƴaƴan kirki. Dole kowace shekara a sayi sabo.

Masu bincike na ICRISAT a Sadore, tare da cibiyar kayan lambu ta AVRDC, sun bi wata hanya dabam. Cikin guron gargajiya na Nijar suka yi ta zaɓe, har suka fitar da iri mai suna Konni. Shi ana iya ajiye irinsa, muddin an nisanta shi da gonar wani guro, domin ƙudan zuma na ɗaukar garin fure daga wannan garka zuwa waccan.