Tafiyar Kasuwanci ga Masu Cutar da Garkuwar Jiki ke Yaƙar Jiki

Garkuwar jiki ita ce rundunar ƙwayoyin halitta da sinadarai da ke gane baƙin abubuwa masu cutarwa, kamar ƙwayoyin cuta, sannan ta kawar da su, amma a wasu mutanen wannan runduna takan kasa bambance baƙo da ɗan gida, sai ta afka wa gaɓoɓi ko fata ko hanji ko ƙoda na mai ita. Masana sun ƙidaya cututtuka sama da 80 da ke da wannan asali, kuma daga cikinsu akwai amosanin gaɓoɓi mai kumbura yatsu da wuyan hannu, da lupus mai taɓa fata da ƙoda da jini, da ciwon suga nau'i na ɗaya, da cutar Crohn mai kumbura hanji. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2023, wanda ya duba bayanan lafiyar mutane kusan miliyan 22 a Birtaniya, ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ɗaya daga cikin cututtuka 19 na wannan jinsi, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu.

Waɗannan cututtuka galibi ba sa warkewa baki ɗaya, sai dai su lafa idan an bi tsarin magani da barci da abinci, sannan su motsa idan tsarin ya karye, kuma tafiyar kasuwanci ita ce ke karya irin wannan tsari. Ɗan kasuwar da ya tashi daga Kano zuwa Guangzhou ko Dubai ko Alƙahira yana tsakanin haɗari biyu masu karo da juna: idan ya yi sakaci da magani cutar za ta tashi, idan kuma yana kan magani, to yawancin magungunan nan suna aiki ne ta hanyar rage ƙarfin garkuwar jiki, don haka ƙwayar cutar da abokin tafiyarsa zai murmure daga gare ta cikin kwana biyu tana iya kai shi gadon asibiti. Dukkan shirin tafiya ya ta'allaƙa ne a kan riƙe waɗannan haɗura biyu a lokaci guda.

Shirin yana farawa a gaban likita, makonni huɗu zuwa shida kafin tashi, kuma babban abin da za a warware shi ne rigakafi. Allurar rigakafin zazzaɓin shawara, wadda ƙasashe da yawa ke neman katinta daga matafiyan da suka fito daga Nijeriya da Nijar, an yi ta ne da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, saboda haka ba a yi wa wanda ke shan magungunan rage garkuwa, domin jikinsa na iya kasa shawo kan ƙwayar. Wanda ya taɓa yin allurar kafin ya fara magani ba ya buƙatar maimaitawa, tun da a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da katin ya zama na tsawon rai, wanda kuwa bai taɓa yi ba yana buƙatar takardar uzuri daga likita, tare da sanin cewa ƙasar da za shi tana da ikon ƙin amincewa da ita. Alluran da ba su da ƙwayar cuta mai rai, kamar na mura da na sanƙarau da na ciwon hanta, ba su da wannan matsala, ko da yake kariyar da suke bayarwa tana iya raguwa ga mai irin wannan magani.

Adana magani shi ne ya fi ba matafiya wahala. Alluran zamani irin su adalimumab da etanercept, haka ma insulin da ba a buɗe ba, ana ajiye su ne a sanyin da ke tsakanin digiri 2 da 8 na ma'aunin Salshiyos, kuma daskarewa tana lalata su kamar yadda zafi ke yi, ba tare da kamanninsu ya nuna hakan a ko da yaushe ba. Wannan ya sa ba a saka su a akwatin da ake aunawa a tura ƙasan jirgi, inda sanyi ke iya tsananta kuma kaya ke iya ɓata, sai dai a jakar hannu mai riƙe sanyi, a naɗe ƙanƙarar da ke cikin jakar da ƙyalle don kada ta taɓa allurar kai tsaye. A otal ma, ƙaramin firjin ɗaki ba abin dogaro ba ne, domin a wasu otal-otal wutar ɗakin tana ɗaukewa da zarar an zare katin ƙofa, a wasu kuma bangon baya na firjin yana daskarar da duk abin da aka jingina masa, shi ya sa ake son a ajiye maganin a tsakiyar firji tare da ɗan ƙaramin ma'aunin zafi. Kyautuwa ya yi matafiyi ya riƙe maganin da ya wuce kwanakin tafiyarsa da mako guda aƙalla, saboda jinkirin jirgi ko na fitar da kaya ba baƙon abu ba ne ga fatake.

Bambancin lokaci yana da nasa lissafin, domin Dubai tana gaban Nijeriya da sa'o'i uku, Guangzhou kuwa da sa'o'i bakwai. Ga maganin da ake sha sau ɗaya a mako, kamar methotrexate, wannan tazara ba ta da tasiri, muddin ba a rikita ranar ba, domin shan sa kullum bisa kuskure yana iya kisa. Ga mai insulin kuwa, ranar tafiya gabas tana gajarcewa, ta dawowa yamma kuma tana tsawaita, don haka dole ne likita ya tsara yadda za a gyara adadin tun kafin tashi. Wanda ya daɗe yana shan prednisolone, wato sama da makonni uku, bai kamata ya daina shi farat ɗaya ba ko da maganin ya ƙare a hanya, saboda jikinsa ya rage samar da sinadarin kotizol da kansa, kuma yankewar na iya jawo faɗuwar jini da suma. Haka nan al'adar shiga kemis a sayi Septrin don gudawa ko tari tana da haɗari ƙwarai ga mai shan methotrexate, domin haɗuwar biyun tana iya durƙusar da ɓargo, wurin da ake ƙera ƙwayoyin jini.

Dokokin kan iyaka ma ba abin wasa ba ne. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tana buƙatar izini daga hukumominta kafin a shiga da magungunan kashe raɗaɗi irin su tramadol da kodin, Masar ma tana tsananta hukunci a kan tramadol, saboda haka kowane magani ya kasance cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita mai ɗauke da sunan cutar da sunan sinadarin maganin da adadin da ake sha.

A cikin jirgi, zaman da ya wuce sa'o'i huɗu yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, kuma haɗarin ya fi yawa ga masu lupus da jininsu ke saurin daskarewa, don haka tashi a taka lokaci-lokaci da shan ruwa da sanya safar matse ƙafa suna da amfani. Bayan sauka, hasken rana yana tayar da lupus, ɗanyen ganye da ƙanƙarar abin sha da naman da bai dahu ba suna kawo gudawa mai tsanani, sannan yini guda na hawa da sauka a benayen kasuwa yana iya kumbura gaɓoɓi har washegari ta tafi a kwance. Haka kuma hydroxychloroquine da masu lupus ke sha ba ya kare mutum daga zazzaɓin cizon sauro na Afirka, domin ƙwayar cutar ta daɗe da bijire wa wannan jinsin magani.

Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ko numfashi da ƙyar, ko kumburin ƙafa ɗaya, ko aman da ya hana magani zama a ciki, dalilai ne na zuwa asibiti a ranar, ba na jira sai an koma gida ba, kuma inshorar tafiya ba ta biyan kuɗin jinyar tsohuwar cuta sai an bayyana ta tun lokacin saye. Idan kuwa cutar tana kan tashi ana dab da tafiya, to da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin wakili ko kiran bidiyo na iya kammala ciniki, alhali kuɗin kwanciya asibiti a ƙasar waje yana iya cinye ribar tafiyar har ya taɓa uwar kuɗi.